Yaron nan mai tukku da kare

Kawu, ka ga hoton yara a tashar jirgin ƙarƙashin ƙasa ta Stockel a nan Brussels, kana tambaya wane ne yaron mai tukku da aka cika bango da shi, kuma me ya sa muke barin 'ya'yanmu suna wuni da littafin zane.

Tintin ke nan, mu da bakin Faransanci Tantan muke cewa. Ɗan jarida ne a labarin, ko da yake da wuya ka gan shi riƙe da alƙalami. Wani mutumin Brussels, Hergé, ya fara zana shi a jarida a 1929, bai daina ba har ya mutu a 1983. A Beljiyam zane ba wasan yara ba ne. Dattijo mai furfura zai buɗe shi cikin jirgi ba kunya.

Majigin ya zo daga baya. A 1947 aka fara da 'yar tsana, sai kamfanin Belvision ya yi wa talabijin. Wanda gidajenmu suka sani shi ne na 1991, kashi 39. Na mai shirya fim Spielberg na 2011 ya sha kuɗi, amma ni fuskokin ba su kwanta mini ba.

Gaskiya da shi yawancin yaranmu suka kama karatun Faransanci, shi ya sa ba mu hana. Sai dai ba a sakar musu. An dawo daga makarantar allo ranar Asabar, sannan a kunna. Karen nan nasa Milou da ke kwana a ɗaki, iyaye mata sun gaji da bayani a kansa, balle abokinsa Kyaftin Haddock da kwalbarsa ta giya.

Inda muke rabuwa shi ne littafin Kwango na 1931, lokacin ƙasar tana hannun Beljiyam. An zana baƙar fata da manyan leɓɓa, kamar marasa wayo, Bature na koya musu komai. Wani ɗan Kwango ya kai ƙara a hana sayar da shi, kotu ta ƙi a 2012. Masu majigin 1991 ma tsallake shi suka yi. Wasunmu littafin ba ya shiga gidansu ko kusa. Ni na sayo, na zaunar da babbar 'yata muka duba tare shafi-shafi. Da muka gama ta tambaye ni ko haka malaminta yake ganinta.