Me ya sa fim ɗin kumbo ke sa wani ƙwalla, wani kuma ko a jikinsa?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ma'abocin kallon fina-finan ƙagaggen kimiyya ne masu dogon zango, irin na kumbuna da mutum-mutumi da tafiya wasu duniyoyi. Akwai wurin da na kalla har na share ƙwalla. Na tura wa abokina guntun a waya, ya kalla muna zaune a majalisa, ya ce shi bai ga komai ba sai ƙarya da aikin kwamfuta. Abin da ya ratsa ni yana cikin fim ɗin ne, ko ni na ƙirƙira wa kaina? Daga wani mai karatu a Gwammaja, Kano.

Amsa: Wa'alaikumus salam. Malam, abin yana cikin fim ɗin, sai dai bai shiga cikin guntun da ka yanko ba. Ka miƙa wa abokinka minti 3, alhali kai awanni masu yawa ka kwashe kafin ka iso wurin, kuma waɗannan awannin su ne suka ɗora wa wurin nauyi.

Misali mafi bayyana shi ne wani kashi na Star Trek: The Next Generation, shirin Amurka da ya gudana daga 1987 zuwa 1994. Sunan kashin "The Inner Light", ya fito a 1992, kuma masoya shirin kan sa shi a sahun farko. Kyaftin Picard, shugaban kumbon, wanda Patrick Stewart ya taka, wata na'ura da suka tarar a sararin samaniya ta haske shi ya faɗi. Ya farka a wani ƙauye inda mutane ke kiransa Kamin, yana da mata, daga baya suka haihu, ya koyi busa sarewa, ya tsufa, matar ta rasu, fari yana cinye ƙasar saboda ranarsu na gab da hallaka duniyar. Da ya farfaɗo a cikin kumbonsa, minti 25 kacal suka wuce. Mutanen sun mutu tun da daɗewa, na'urar kuwa sun harba ta ne don a samu mai tunawa da su. A ƙarshe aka kawo masa sarewar da aka samu a cikinta. Ya rungume ta a ƙirji, ya tsaya shi kaɗai a ɗakinsa ya busa.

Wanda aka nuna wa wannan minti ɗaya na ƙarshe, dattijo mai sanƙo kawai zai gani yana busa sarewa. Wanda ya faro daga zangon farko kuwa ya riga ya kalli kashi sama da 120, kowanne kusan minti 45, wajen awa 90 ke nan. Ya san Picard mutum ne mai kame kai, bai yi aure ba, ba ya sakin jiki da yara, aikinsa shi ne gidansa. To irin wannan mutumin aka ba iyali, aka bar shi ya saba da su shekaru da dama, sannan aka karɓe, kuma babu kowa a kumbon da ya san su balle ya yi masa ta'aziyya. Tun a 1956 wasu masana biyu, Donald Horton da Richard Wohl, suka yi rubutu a kan shaƙuwar da mai kallo ke yi da wanda yake gani a talabijin kamar sun san juna, alhali ɗaya ɓangaren bai san da shi ba. Wannan shaƙuwar lokaci take ci, shi ya sa shiri mai dogon zango ya fi fim ɗin awa biyu kama zuciya ta wannan fannin.

Maganar abokinka ta cewa ƙarya ce tana da amsa. Ƙagaggen kimiyya mai kyau doka yake kafawa, ya tsaya a kanta, kuma dokar ta ci wani abu daga jikin mutanen labarin. A kashin farko na shirin Battlestar Galactica na 2004, mai suna "33", abokan gaba suna cim ma ayarin kumbunan ragowar 'yan Adam duk bayan minti 33, sai su tsere, a sake saita agogo. Kwana biyar babu barci. Shugabar ayarin tana da farin allo a ofishinta, an rubuta adadin waɗanda suka rage a raye, wajen 50,000, kuma duk asarar da aka yi sai ta goge ta rage. A ƙarshen kashin aka gaya mata an haifi yaro a ɗaya daga cikin kumbunan. Ta goge lambar ƙarshe ta ƙara ɗaya. Ba a yi doguwar huɗuba a kan bege ba, lamba ce ta motsa, kuma ta yi tasiri ne saboda ka kwashe minti 40 kana ganin tana raguwa. Kumbon da makaman duk ƙage ne, amma gajiyar mai gadin da bai runtsa ba, da zaman jiran labarin wa ya tsira wa ya mutu, babu wanda bai san su ba.

Sai kuma abin da kai mai kallo ka zo da shi. Wajajen 1920 wani mai shirya fim a Rasha, Lev Kuleshov, ya haɗa hoton fuskar ɗan wasa guda, wadda ba ta nuna komai, da hotuna daban-daban: kwanon miya, gawar yarinya a akwati, wata mace a kishingiɗe. Masu kallo suka ga yunwa a fuskar, suka ga baƙin ciki, suka ga sha'awa, alhali fuskar ɗaya ce. Daraktocin da suka san aiki da wannan suke amfani: sukan bar fuska a tsaye daƙiƙa biyar ko goma babu magana, kai ka cike gurbin. Wanda har yanzu hular mahaifinsa tana rataye a ƙusa a ɗakin tsakar gida, ba a taɓa ta ba tun ranar sadakar uku, shi ya san abin da sarewar nan take nufi tun kafin a busa ta. Wanda Allah bai jarrabe shi da irin wannan rashi ba tukuna zai iya kallo ya wuce, kuma wannan ba taurin zuciya ba ne.

A nan Kano akwai abubuwan da ke lalata wannan aiki tun kafin ya iso ga mai kallo, kuma a ganina su ne suka fi yawan raba ka da abokinka. Babba shi ne fassarar baki da ake ɗorawa a kan fim. Mai fassara yakan ji tsoron shiru, da zarar 'yan wasa sun yi tsit sai ya cike wurin da bayani ko barkwanci, alhali shirun nan marubuci ya gina shi da gangan. Sau da yawa kuma ana danne sautin asali gaba ɗaya don muryar fassara ta fito, sai kiɗan ya tafi tare da shi. Wannan asara ce babba, domin irin waɗannan shirye-shirye kan ba mutum ko wani rashi nasa ɗan gajeren kiɗa, su maimaita shi can gaba. Sarewar Picard ta sake fitowa a zango na shida, kuma wanda ya gane sautin, tsigar jikinsa kan tashi kafin kowa ya buɗe baki.

Masu tura fim a waya sukan matse kashi guda ya koma ƙarami don ya shiga memori, sai wurare masu duhu su dagule, ƙwallar da ta taru a ido ba ta zubo ba ta ɓace. Lasifikar waya ba ta fitar da ƙaramin sauti kamar jan numfashi ko rawar murya, balle a majalisa, janareton mai shago na ruri, adaidaita sahu na hon, ana miƙo shayi. Wani lokacin ma kashi biyu ko uku sun faɗi daga zangon da aka tura maka ba ka sani ba.

Ba kullum laifin na kallo ba ne. Akwai shirye-shiryen da zurfinsu na bogi ne, kuma ana gane su. Kiɗan tausayi yakan riga abin tausayin zuwa. Jarumi yakan faɗi da bakinsa cewa zuciyarsa ta karye, maimakon a gan shi ya kasa ɗaura igiyar takalmi. Mafi muni shi ne a kashe mutum a ƙarshen zango, a dawo da shi a farkon na gaba ta hanyar komawa baya cikin lokaci ko kwafin jikinsa, ba tare da kowa ya yi asarar komai ba. Masoya shirin sukan yafe sau ɗaya, amma daga na biyu sun daina yarda da mutuwa a shirin, duk jana'izar da aka nuna musu jiran dawowarsa kawai suke. Gwajin da ba ya kuskure shi ne ka duba kashi uku ko huɗu bayan abin ya faru: mutumin ya canza, ko ya koma yadda yake kamar ba a yi ba?

In kana son abokinka ya ga abin da ka gani, kada ka sake tura masa guntu. Zaɓo masa kashi huɗu ko biyar da suka nuna halin mutumin kafin wurin, sannan kashin kansa cikakke. Ku nemi mai sautin asali da rubutun fassara a ƙasa, fayil ɗin da ba a matse shi sosai ba. Ya sa abin ji a kunne biyu, da dare bayan isha'i lokacin da unguwa ta lafa, kada ya riƙa tsallake wurare, kai kuma kada ka gaya masa inda ka yi kuka, don da zarar ya sani zai zauna gadin fuskarsa ne maimakon kallo. Bayan ya gama kada ka tambaye shi ko ya ji daɗi. Ka bari sai washegari, ka tambaye shi wane wuri ne ya dawo masa a rai, kuma wa ya tuna masa.