Ragon jirgi da sabon inji

Ɗana, saƙonka ya iso bayan la'asar, sai da na sa jikata ta karanta mini shi sau biyu. Wato kai da abokanka kun ƙera jirgin sama mai kujera biyu a Riyad, kun ɗaura masa sabon inji, shi ne kake tambayar Kawu: ragon sadaka kafin tashin farko ake yanka shi ko sai an sauko, kuma ko ya dace a tara dangi a filin jirgi na Sumama, har ka ɗauki mahaifiyarka ta sa albarka? Na yi dariya har shayi ya sarƙe ni. Da dare kuma barci ya ƙi zuwa.

Yaushe kakanninmu suka bar mana al'adar jirgi? Shekarar yaƙin Burmi, 1903, suna hijira gabas a ƙafa, ita ce shekarar da wasu 'yan'uwa biyu a Amurka suka ɗaga nasu jirgin na daƙiƙa 12. Mutanen Mai Wurno, garin da masu hijirar suka kafa a Sudan, jaki suka sani da kwalekwale. Amma al'adar sabon inji na san ta, don na taka ta na sha.

Zamanin mulkin Numairi a Sudan ina yaron gareji a garin Wad Madani, wani ɗan kasuwa ya kawo Bedford ɗinsa, irin wadda ake kira sifinja. Muka sauke injin, aka sa sabon fistan da ringi. Dokar maigidanmu ɗaya ce: gwaji bayan asuba, wanda ya ɗaura injin da yaro ɗaya, rabin lodi, a yi ta zagaye kusa da gareji, mai mota kuwa ko inuwarsa ba a so. Sai rasuwa ta kai maigida Sinnar. Mai mota ya kasa haƙuri, ya zo da rago da hantsi aka yanka a gaban motar, karama inji 'yan Sudan. Mata na guɗa, yara suka ɗare kan buhunan dawa, aka ce ni zan ja. Ban kai ashirin ba, kaina ya kumbura.

Ba mu yi nisa ba na ga allurar baƙin mai tana rawa, kunnena kuma ya ji wata 'yar ƙara da ba ta cikin waƙar injin. Wallahi na sani. Amma ga mai mota a gefena yana washe baki, ga jama'a na bin mu da gudu, rago ya riga ya shiga tukunya. Da wane baki zan ce a koma? Na ƙara taka totur. Kafin gadar kanal injin ya buga, hayaƙi ya turnuƙe. Ashe noti ɗaya na bututun mai ban ɗaure shi da kyau ba.

Da maigida ya dawo bai ɗaga mini hannu ba, gara ma ya dake ni. Cewa ya yi, "Inji ya yi maka magana, ka saurari guɗa." Ya ƙara da abin da ya ji wurin mahaifinsa: ja da baya ga rago ba tsoro ba ne.

Mu mun sauko mun tura zuwa gefen hanya. Kai ina gefen hanyarka?

Kuma naka ya fi nawa wuya, sababbi biyu ka haɗa. Sabon jirgi lallaɓawa yake so, sabon inji kuwa wuta, don sai da matsi ringi ke zama a silinda. In ka bar shi yana silo a ƙasa zafi zai yi, bangon silinda ya yi santsi, ya rayu yana shan mai. Ga zafin Najadu, yankinku na Riyad, iska ta yi sako-sako, fiffike da farfela ba sa kama ta sosai, sai da sanyin safiya. A Amurka wanda ya ƙera jirgi da injin da ba shi da shaidar hukuma, awa 40 aka saba yanka masa yana gwaji a yankin da aka shata, ba fasinja. Kakarka ta ce ba a yabon ɗan kuturu sai ya shekara arba'in da yatsa. Maganar ɗaukar ƙanwata, mahaifiyarka, ka ajiye ta, kada in sake ji.

Abin da ke damuna da ku, komai sai an ɗaga waya. Mu guɗar unguwa ɗaya ta ruɗe mu, ku duniya kuke gayyata tun taya ba ta bar ƙasa ba.

Rago dai ka saya ka ɗaure, ciyawa ba ta fi ƙarfinka ba. Ko kafin ko bayan, ka tambayi limaminku, ni bakanike ne. Abin da nake so ka rubuto mini: wa ya ɗaure tiyon mai, kuma wa ya bi bayansa ya duba?