Amsa: Shagon ɗinkin uwargida a cikin gida, ba tare da an rasa zaure ba

Malam, tambayarka ita ce ko gidan da za ka gina a Birnin Kebbi zai ɗauki zaure da kuma wurin ɗinkin uwargida, tunda mata ke zuwa mata kullum. Zai ɗauka, kuma wannan sabuwar buƙatar ce za ta gyara maka tsarin gidan.

Ka bar zaure ga baƙi maza. Ɗakin ɗinkin ka ba shi ƙofarsa ta gefe, mai lanƙwasa, yadda wanda ke kan titi ba zai hango tsakar gida ba. Faɗin mita 3 da tsawon mita 4 ya isa keken ɗinki biyu da teburin yanka. Tagogi su kalli arewa da kudu, domin hasken yamma a watan Afrilu gasa mutum yake.

Zafin nan ne ma ya sa nake ba da shawarar bulon ƙasa da aka matse da inji, a haɗa siminti kashi 5 zuwa 8 cikin ɗari. A Dandaji ta Nijar, mai zanen gine-gine Mariam Kamara ta gina sabon masallaci da irin wannan bulo, tsohon kuma aka mayar da shi ɗakin karatu. Kwano ka ɗaga shi sama da silin, iska ta riƙa ratsawa, kamar yadda mai zanen gine-gine Francis Kéré ya yi a makarantar Gando ta Burkina Faso.

Inda ake yawan faɗuwa: ana shafe bangon ƙasa da siminti zalla, danshi ya maƙale a ciki, shafen ya ɓamɓare bayan damina biyu. Tushe ya tashi santimita 40 daga ƙasa, rufin kuma ya leƙo santimita 60 don ruwa kada ya riƙa dukan bango.