Amsa daga Bronx: manhajar zanen da ba ta cin awo a Linux

Ɗan'uwa, Allah ya sa kana lafiya da iyali da mutanen Kano. Ka tambaya da me mutanenmu na nan suke zana abin da ke buƙatar awo daidai, irin zanen ƙofar ƙarfe ko kwalin da za a ɗora a yanka, alhali kwamfutar Linux ce a kanta ba Windows ba. Hausawan Bronx, wata unguwa a birnin New York na Amurka, taron dangi ne, da 'yan Zangon Akara da Kumasi, da 'yan Nijar, da 'yan Najeriya, kuma masu irin wannan aiki a cikinmu ba su da yawa: telolin da ke fitar da kwalin yanka, masu rubuta allon shago, sai masu kafinta. Tunda Microsoft ta daina kula da Windows 10 a watan Oktoba na 2025, tsohuwar kwamfuta ta fi samun kwanciyar hankali da Linux Mint ko Ubuntu, tambayarka kuwa ita ce ta farko da ke biyo baya.

Ka fara cire GIMP da Krita daga lissafi. Na gyaran hoto ne da zanen hannu, ɗigo-ɗigo suke ajiye abu, da ka faɗaɗa da'ira sai gefenta ya yi kaushi. Abin da kake nema manhaja ce da za ka rubuta mata lamba ta bi. Guda uku ne, duk kyauta, kuma umarni ɗaya da za ka rubuta a Terminal, wato tagar rubuta umarni ta Linux, ya sauke su:

sudo apt install libreoffice-draw inkscape librecad

Mafi sauƙi ita ce LibreOffice Draw, sau da yawa ma tana cikin kwamfutar tun farko. Ka shiga Tools, sai Options, sai LibreOffice Draw, sai General, ka mai da ma'auni milimita. A wurin ne kuma ake sa sikelin zane. Ƙofa mai faɗin mita 3 da tsayin mita 2.1, idan ka sa 1:20, za ta zauna a takarda a milimita 150 da 105, amma kai awon gaskiya za ka riƙa rubutawa. Ka ja siffar yadda ta zo, kada ka wahalar da hannunka, sannan ka danna F4 ka rubuta faɗi da tsayi da inda za ta tsaya. Riƙe Shift lokacin ja shi ke ba da murabba'i ko da'ira sak. Sandunan taga kuwa, ka zana ɗaya, ka danna Shift da F3, ka faɗi adadi da tazarar da ke tsakani, ta jera maka su.

Inkscape ta fi ta ƙarfi wurin lanƙwasa, irin dagi da furannin ƙofa, amma tana da tarko biyu da suka cinye wa mutane kwali da yawa. Na farko kaurin layi. Yadda take zuwa, idan ka rubuta faɗi milimita 50 a akwatin W, har da kaurin layin take lissafawa. Layi mai kaurin milimita 1 yana nufin ainihin siffar milimita 49 ce. A allon shago ba wanda zai lura, amma a abin da za a yanka a haɗa da wani, sai ya ƙi shiga. Maganinsa ka danna Shift, Ctrl da P, ka shiga Tools, ka zaɓi Geometric bounding box. Na biyu tsofaffin fayiloli. Kafin fitowar 0.92 a 2017, Inkscape tana lissafin ɗigo 90 a inci ɗaya, daga nan ta koma 96. Tsohon fayil da aka buɗe ba tare da an amsa tambayar da take yi da kyau ba, milimita 100 ɗinsa kan koma 93.75.

Idan kusurwa ce damuwarka, ni dai LibreCAD zan ce. Fuskarta ba ta da kyan gani, sai ka ce ofishin safiyo na da, amma ba ta wasa da lamba. Akwai wurin rubuta umarni. Ga alwatika mai gefe uku daidai, kowanne milimita 80: ka rubuta line, sai 0,0, sai @80<0, sai @80<120, sai close. Alamar @ tana nufin daga inda ka tsaya, alamar < kuma digirin kusurwa ce, ana ƙirga ta daga dama a yi sama zuwa hagu. Wanda ya manta @ zai ga layinsa ya tafi wani wuri dabam, domin daga tushen zanen ta auna. Fayilinta DXF ne, wanda AutoCAD, manhajar zanen injiniyoyi, da injinan yanka ke buɗewa.

Yanzu ga abin da ya bambanta mu da ku, kuma nan ne zumunci kan yi tsami. Awonmu a nan inci ne da ƙafa, har da su 3/8 da 5/16. Wannan ba baƙo ba ne a wurinku, mai katako a Kano ma da inci yake magana. Inci ɗaya milimita 25.4 ne, kuma Inkscape tana karɓar 3/8 kai tsaye a akwatin awo ta yi lissafin da kanta. Matsalar takarda ce. Ku A4 kuke da ita, milimita 210 da 297. Mu tamu Letter ce, 215.9 da 279.4, ta fi taku faɗi kaɗan amma ta fi gajarta. Idan ka aiko zanen A4, firintar nan ta matse shi ya shiga shafi, kashi 94 cikin ɗari na girmansa zai fito. Zanen yana nan da kyansa, ido ba zai gane ba, sai an kai wa mai walda ko an ɗora a kan yadi.

Saboda haka masu aikin nan ba sa aika zane gida, ba sa kuma karɓa, sai da sharuɗɗan da kowa ya sani. A tura PDF, ba hoton allo ta WhatsApp ba. A rubuta ma'aunin a jikin zanen, milimita ne ko inci. A bar zanen cikin faɗin milimita 190 da tsayin 259, wato inda takardun biyu suka haɗu bayan an bar gefen milimita 10, don kowace firinta ta buga shi ba matsi. A gefe kuma a zana murabba'in gwaji, na milimita 100 idan akwai wuri, ko na 50. Wurin bugawa ka cire Fit to page, ka zaɓi Actual size ko kashi 100, takarda na fitowa ka ɗora rula a kan murabba'in nan. In ya cika, sauran zanen ya cika. In ya gaza, kada ka taɓa zanen, ka koma saitin firinta.

Abin da ya fi takarda ɗaya girma, kamar kwalin babbar riga, akwai ƙaramar manhaja mai suna pdfposter da ke raba PDF zuwa shafuka da yawa a haɗa da salatif. Ka sa alamar giciye a wuraren haɗi tun a cikin zanen, domin kuskuren milimita ɗaya a kowane haɗi, a jerin shafi shida ya zama biyar.

A gaida mutanen gida.