Sati uku a otal babu kicin: yaya mai ciwon sukari da hawan jini zai yi da cikinsa?

Tambaya

Assalamu alaikum Likita. Shekaruna 52, ina fama da ciwon sukari da hawan jini shekara shida ke nan. Ina shan Metformin da Gliclazide, sai Lisinopril na hawan jinin. A gida ba ni da matsala, uwargida ta san abin da aka hana ni, girkina daban take yi. To yanzu wurin aiki za su tura ni kwas na sati uku, a jirgi za mu tafi, kuma a otal za a sauke mu. Na tambaya an ce ɗakin ba wurin girki, butar lantarki ce kawai, firij ma ba tabbas. Bara na yi irin wannan tafiyar ta kwana biyar kacal, na dawo sukarina ya haura 250, ƙafafuna sun kumbura. Wata rana a can na ƙi cin abincin rana don na ji duk gishiri ne, da la'asar sai jiri da gumi suka rufe ni. Don Allah ya zan yi?

Amsa

Wa alaikumus salam Malam, Allah ya ƙara lafiya, ya kai ka ya dawo da kai lafiya. Ɗan gyara tukuna: ni ba likita ba ce, aikina tsara wa marasa lafiya abinci. Duk inda magana ta taɓa ƙari ko ragin magani, wurin likitanka zan mayar da kai.

Zan fara da ƙarshen wasiƙarka, jirin nan da gumi, domin ya fi 250 ɗin tayar mini da hankali. Alamar faɗuwar sukari ce. Metformin shi kaɗai ba kasafai yake jawo haka ba, amma Gliclazide yana sa jiki ya fitar da insulin, sinadarin da ke sauke sukarin jini, ko ka ci abinci ko ba ka ci ba. Ka sha shi da safe, ka tsallake abincin rana, sai ya shiga aiki a kan ɗan sukarin da ya rage a jini. Ka guji gishiri ka faɗa abin da ya fi shi gaggawa. Gishirin faranti ɗaya ba zai kwantar da kai a ranar ba, faɗuwar sukari kuwa tana iya sumar da mutum cikin ɗan lokaci, a garin da ba wanda ya san lalurarsa. Saboda haka muddin kana shan wannan magani, babu tsallake abinci. In ka rasa wanda ya dace, ka ci wanda ke akwai daidai misali. Da babu gara ba daɗi.

Kuma kada ka fita ɗaki ba tare da sukari a aljihu ba. Idan ka ji rawar jiki, gumi, bugun zuciya ko jiri, ko na'urarka ta nuna ƙasa da 70, wato 3.9 in na'urarka mai nuna ƙananan lambobi ce, ka sha giram 15 na abu mai zaƙi: babban cokali ɗaya na sukari ko zuma, ko rabin kofi na lemon kwalba mai sukari. Ka jira minti 15 ka sake gwadawa, in bai hau ba ka maimaita, in ya hau ka bi da abinci na gaske. Cakulan ba ya yin wannan aikin da sauri, saboda maiƙon cikinsa yana jinkirta shigar sukarin. Ka kuma gaya wa mutum ɗaya cikin abokan tafiya halin da kake ciki. Ba abin kunya ba ne.

To mu dawo kan kicin. A ganina ba rashinsa ne ya kayar da kai bara ba. Yunwa ce ta riƙa samun ka hannu rabbana, shi kuwa mai jin yunwa a baƙon wuri abin da ya fi kusa yake ɗauka, kuma abin da ya fi kusa kullum burodi ne da biskit da lemon kwalba. Sati uku abinci 63 ne. Ba za ka iya jan linzamin dukkansu ba, kada ma ka wahalar da kanka. Ka riƙe karin kumallo da abincin dare a ɗakinka, 42 ke nan sun dawo hannunka, saura 21 na rana a yi ciniki da masu girkinsu.

Kayan aikin ba su cika lungun akwati ba: fulas mai faɗin baki, kwano mai murfi, cokali, abin buɗe gwangwani, soso da ɗan sabulun wanke-wanke, sai 'yar wuƙa. Wuƙar a babbar jaka za ka sa ta, don ba za ta wuce bincike a jakar hannu ba.

Fulas ɗin nan shi ne tukunyarka. Ka zuba masa tafasasshen ruwa ya ɗumama, ka zubar, ka sa ƙwai biyu, ka cika da sabon tafasasshen ruwa ka rufe. Bayan kamar minti 20 ka fasa ɗaya; in gwaiduwar ba ta daskare ba, gobe ka sauya ruwan sau ɗaya a tsakiya. Kada dai ka dafa ƙwan cikin butar otal, wani baƙon zai sha shayi da ita bayanka. Ot, wato hatsin nan na oats da ake damawa kamar kunu, shi ma haka: cokali huɗu ko biyar a kwano, ruwan zafi, murfi, minti biyar ya yi. Ka sayi zallansa, ba 'yan ƙananan fakitin da aka zuba wa zaƙi da ƙamshi ba. Ka sa masa madarar gari marar sukari da ɗan gyaɗa marar gishiri. Ƙwai biyu, ot da tuffa ɗaya za su kai ka rana ba tare da ka riƙa leƙen teburin shayi ba. Abu ɗaya da ba a dafawa a fulas shi ne ɗanyen wake, musamman ja. Yana ɗauke da wani sinadari da ba ya mutuwa sai ya yi aƙalla minti 10 yana tafasa sosai, jiƙa shi a ruwan zafi kawai amai da gudawa yake jawowa.

Da dare ba ka ma buƙatar wuta. Buɗe gwangwanin dafaffen wake, tsiyaye ruwan, zuba ruwa mai tsabta ka ɗauraye sau biyu. Wannan ɗan aikin yana tafiya da kusan kashi 40 cikin 100 na gishirin. Ka yanka tumatir da kokwamba da tattasai a kai, ka juye ƙaramin gwangwanin kifi bayan ka tsiyaye shi ma, ka matsa lemon tsami, ka ɗiga man zaitun. Tsami yana toshe gurbin gishiri a harshe fiye da yadda mutane suke zato. Ga burodin alkama yanka ɗaya ko biyu a gefe. Wani daren ka musanya kifin da ƙwai, waken da fiya. Za ka gaji da shi kafin sati na biyu, ban ɓoye maka ba. Amma gajiya da abinci ta fi kumburin ƙafa sauƙi.

Ranar farko ka ware awa guda a babban kanti, kuma ka tafi da tabarau, don aikin karatu ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babba kada ya wuce giram 5 na gishiri a yini, kusan ƙaramin cokalin shayi ɗaya, wanda ya yi daidai da miligiram 2,000 na sodiyam. Wasu kamfanoni gishiri suke rubutawa a bayan kwali, wasu sodiyam. In sodiyam ka gani, ka ninka shi sau biyu da rabi ka sami gishirin. Ma'aunin da ake amfani da shi a Birtaniya yana da sauƙin riƙewa a kai: a cikin kowane giram 100 na abinci, gishirin da ya wuce giram 1.5 ya yi yawa, giram 0.3 zuwa ƙasa kaɗan ne. Ga sukari kuma, giram 5 zuwa ƙasa kaɗan ne, sama da 22.5 ya yi yawa. Ka riƙa duba layin giram 100 ɗin, domin ɗaya layin na "ci ɗaya" kamfani ne ya yanke girmansa, kuma sau da yawa ɗan mitsitsi ne da ba mai ƙoshi da shi. Za ka sha mamakin burodi: bai da ɗanɗanon gishiri, amma yana cikin manyan hanyoyin da gishiri ke shiga jiki. Ita kuwa taliyar leda mai dahuwa da ruwan zafi, wadda duk mai buta a ɗaki yake fara tunawa da ita, fakiti ɗaya da garin ɗanɗanonsa kan cinye fiye da rabin gishirin yininka. Ka bar ta a kanta.

Akwai tarko ɗaya da ya shafe ka musamman. Za ka iya ganin wani gishiri da aka rubuta cewa na masu hawan jini ne. Yawancinsu da fotasiyam aka maye gurbin sodiyam, Lisinopril kuwa dama yana sa jiki ya riƙe fotasiyam. In suka haɗu yana iya yin yawa har ya taɓa bugun zuciya. Kada ka saya sai likitanka ya amince.

Batun firij, ka roƙi otal ɗin tun kafin ka iso, ka ce lalura ce. Da yawa suna da na ajiya. In ba a samu ba, sai ka sayi abin da za ka cinye a zama ɗaya. Ƙwayoyin cuta sun fi hayayyafa tsakanin digiri 5 da 60 a ma'aunin Salshiyas, shi ya sa dafaffen abinci ba ya wuce awa biyu a waje, awa ɗaya in zafi ya haura digiri 32. Gwangwanin da aka buɗe da dafaffen ƙwai duk suna ƙarƙashin wannan doka. Shinkafa ta fi kowa yaudara: ragowar ta rana da aka ɗauko a leda aka ajiye kan tebur har dare tana iya tara guba da ɗumamawa ba ya kashewa, alhali ba ta sauya wari ba. In ba ka amince da ruwan famfon wurin ba, ka wanke kayan lambu da wanda ka tafasa ya huce, ka fi mayar da hankali kan masu ɓawon da ake ferewa.

Abincin rana shi ne na ciniki. In teburin ɗebi-da-kanka ne, ka zagaya shi sau ɗaya ba faranti a hannu, ka gama zaɓe da ido sannan ka ɗiba. Rabin faranti kayan lambu, kwata nama ko kifi ko ƙwai, kwata shinkafa ko dankali ko taliya, ɗaya daga ciki, ba duka ukun ba. Gishiri a miya da romo yake ɓuya, don haka ka sa a zuba maka su a gefe ka riƙa tsoma cokali. Gasasshe ya fi wanda aka turbuɗa a fulawa aka soya. Kuma ka nemi kukun da kansa tun ranar farko, cikin ladabi, ka ce masa likita ya hana ka gishiri da dunƙulen ɗanɗano, sati uku za ka yi. Na ga mutane da yawa suna jin nauyin wannan. Kukun da ya san fuskarka zai ware maka gasasshen kifi kafin ya barbaɗa komai, wanda bai san kana nan ba kuwa ba shi da laifi. Ruwan 'ya'yan itace da ake jerawa a tulu ka wuce shi ko da an rantse maka ba a ƙara sukari ba, nasa na asali ya isa. Ka ci lemon ɓarensa, ka sha ruwa. Bayan ka tashi ka taka na minti 10 zuwa 15, ko a farfajiyar otal ne, yana rage hawan sukarin bayan cin abinci sosai.

Ranar tafiya, magunguna da na'urar gwaji da tsinkayenta duk a jakar hannu, kuma ka ɗebi fiye da na sati uku saboda jinkiri. Takardar likita mai ɗauke da sunayen magungunan tana rage dogon bayani. Yawancin kamfanonin jiragen dogon zango suna ba da abinci na musamman in an nema awa 24 zuwa 48 kafin tashi. Lambar abincin masu sukari DBML, ta mai ƙarancin gishiri LSML, kuma ɗaya ake zaɓa. Duk da haka ka shiga da guzurinka, don jirgi na iya makara da awa huɗu alhali ka riga ka sha Gliclazide. In ƙetare za ka, ka sani Amurka da Ostireliya suna tsananta bincike kan ɗanyun 'ya'yan itace da nama, Tarayyar Turai kuma ta hana matafiyi shiga da nama da kayan madara daga mafi yawan ƙasashen waje. Ka cinye ɗanyen a jirgi, busasshen da ke cikin fakitinsa ka bayyana shi in an tambaya. In akwai bambancin agogo mai yawa, ka sa likita ya tsara maka lokutan shan magani tun kana gida.

Ka tambaye shi abu na biyu ma: me za ka yi in amai ko gudawa suka kama ka. Idan jiki ya bushe, Metformin da Lisinopril suna iya wahalar da ƙoda, kuma likitoci kan sa a dakatar da su na ɗan lokaci. Ka tafi da amsar a rubuce. Kumburin ƙafafun bara mai yiwuwa gishiri ne da dogon zama, amma ka ambata masa. In kuwa ƙafa ɗaya ce ta kumbura tana ciwo bayan doguwar tafiyar jirgi, wannan ba maganar abinci ba ce, asibiti za ka nufa a ranar, don yana iya zama daskarewar jini.

A kwana ukun farko ka riƙa gwada sukari awa biyu bayan abincin rana, kana rubuta abin da ka ci kusa da lambar. Ga mafi yawan masu wannan ciwo ana so ta tsaya ƙasa da 180, in dai likitanka bai ba ka wata iyaka daban ba. Kafin sati ya ƙare za ka gane wane kwano ne a teburin nan yake harba ta sama, ka daina kusantarsa. Kuma tun kafin ranar tafiya, ka ce wa uwargida ta huta da girkinka na safe da na dare kwana biyu. Ka zauna da buta da fulas da kwanonka ka gwada duk abin da na zayyana, ka auna sukarinka a kai. Gara ƙwan farko ya fito ruwa-ruwa a gida, inda take kusa ta yi maka dariya ta nuna maka gyaran.