Tambayoyi da Amsoshi Kan Fasaha: Rajistar Ƙananan Jirage Marasa Matuƙa

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Malam. Yayana da ke aiki a Dubai yana so ya taho mini da ƙaramin duron, wato jirgi maras matuƙi, mai kyamara idan zai dawo gida, domin ina sha'awar ɗaukar hotunan duwatsun Abuja daga sama. A jikin kwalin an rubuta cewa nauyinsa giram 249 ne, kuma wani abokina ya ce irin wannan ba ruwansa da gwamnati. Shin gaskiya ne? Daga mai karatu a Kubwa.

AMSA: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Abokinka ya ji wani ɓangare na maganar, amma bai ji ta duka ba. Hukumomi biyu ne ke da hannu a wannan lamari a Najeriya, kuma kowacce da abin da take dubawa. Ta farko ita ce hukumar kula da sufurin jiragen sama, NCAA, wadda a wurinta duk abin da ya tashi sama ana sarrafa shi daga ƙasa jirgi ne, komai ƙanƙantarsa. Ta biyu kuwa ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan harkokin tsaro ne. Tun a watan Mayun 2016 NCAA ta sanar da cewa ba a yarda kowa ya tayar da jirgi maras matuƙi a sararin samaniyar ƙasar nan ba sai da izininta da amincewar wancan ofishi, daga baya kuma aka keɓe wa irin waɗannan jirage kashi na 21 a cikin dokokin sufurin jiragen sama na 2023.

Zancen da abokinka ya ji, cewa jirgin da bai kai giram 250 ba ba ya buƙatar rajista, yana da tushe. Amurka ce ta fito da wannan ma'auni lokacin da hukumarta ta sufurin jiragen sama, FAA, ta fara rajistar jiragen sha'awa a watan Disamban 2015 a kan dala 5, bayan masana sun yi lissafin irin raunin da abu zai yi wa mutum idan ya faɗo masa a ka daga sama. Ƙasashe da yawa, har da tamu, sun ɗauki wannan ma'auni a matsayin inda wajabcin rajista yake farawa. Wannan ne ya sa kamfanin DJI ya fitar da Mavic Mini a 2019 da nauyin giram 249 cif, ba don wani dalili na ƙira kaɗai ba. Sai dai nauyin da ake dubawa shi ne na lokacin tashi, saboda haka da zarar ka sa masa babban batir, ko garkuwar farfela, ko ƙaramar fitila, ya haye iyakar.

Abin da ya fi damuna a tambayarka shi ne shigowa da shi. Jirage marasa matuƙa suna cikin kayan da ake buƙatar takardar shaidar wanda zai yi amfani da su, wadda aka fi sani da EUC, kuma ofishin mai ba da shawara kan tsaro ne ke bayar da ita kafin kaya su shigo ƙasa. Jami'an kwastam a filin jirgin sama na Nnamdi Azikiwe suna da hurumin riƙe kayan idan babu wannan takarda, kuma kada ka ɗauka cewa rubutun da ke jikin kwali zai raba ka da su. Shawarata ita ce ka nemi takardar tun kafin yayanka ya biya kuɗi, ka tanadi sunan samfurin da cikakken bayanin abin da za ka yi da shi. Idan an samu, ya saka baturan a jakar hannu bayan ya rufe bakinsu da salatif, domin ba a yarda a zuba batir ɗin litiyam da ba ya jikin na'ura a cikin kayan da ke shiga ƙarƙashin jirgi ba.

TAMBAYA: Ina ɗaukar bidiyon biki da suna a Nyanya da Mararaba, kuma yanzu amare ba sa yarda sai an yi musu hoton sama. Idan na yi rajistar jirgina shi ke nan? Daga mai ɗaukar hoto.

AMSA: Ba shi ke nan ba, Malam. Rajista tana nuna cewa jirgin naka ne, amma ba ta ba ka damar neman kuɗi da shi ba. Da zarar an biya ka, ko da ɗan hasafi ne, ka fita daga sahun masu sha'awa ka shiga na 'yan kasuwa, kuma a nan ana neman kamfani mai rajista da hukumar rajistar kamfanoni ta CAC, da tantancewar jami'an tsaro, da takardar izinin gudanar da aiki daga NCAA, sannan mai riƙe da rimot ɗin ya kasance ya samu horo. Na san wannan ya yi wa matashin da ke aiki shi kaɗai nauyi, kuma ina da ra'ayin cewa ya kamata hukumomi su samar da mataki mai sauƙi ga masu ƙananan jirage, domin tsananin sharaɗi yakan sa mutane su ƙi zuwa rajistar gaba ɗaya. Kafin a kai ga haka, hanyar da ta fi ita ce ku haɗa kai ku kaɗan ku yi kamfani ɗaya, ko ka yi aiki a ƙarƙashin wanda ya riga ya mallaki takardun.

Akwai kuma abin da takarda ba za ta kare ka daga gare shi ba. Farfelar waɗannan jirage tana juyawa sau dubbai a minti guda, tana iya tsaga fuska ko ta taɓa ido. A wajen kamu ko walima za ka ga an sauko da jirgin daidai kan mata suna liƙi, iskarsa tana ɗaga gyale, yara kuma suna tsalle suna miƙa hannu su cafke shi. Idan batir ya gaza a wannan lokaci, babu inda zai faɗa sai kan mutane. Ka tayar da shi daga gefe, ka ɗauko taron a karkace, kada ka ratsa ta saman jama'a.

TAMBAYA: Ɗana yana aji biyar na sakandare, ya haɗa ƙaramin jirgi da kwali da soso, ya sa masa ƙaramin inji da rimot. Babu kyamara a jikinsa. Shi ma sai an yi masa rajista? Daga wata uwa a Gwarinpa.

AMSA: Hajiya, Allah ya yi wa yaron albarka, kuma don Allah kada a kashe masa gwiwa. Doka ba ta duba ko a kanti aka sayo jirgi ko a ɗaki aka ƙera shi, nauyi da wurin tashi take dubawa. Ki ɗora shi a kan ƙaramin sikelin kicin tare da batir ɗinsa, idan ya kai giram 250 sai wani babba a gidan ya tuntuɓi NCAA a yi abin da sunansa. An taɓa yin wannan jayayya a Amurka, inda masu ƙera jiragen sha'awa suka ce an haɗa su da waɗanda ba sana'arsu ɗaya ba, har kotu ta soke wajabcin rajista a kansu a watan Mayun 2017, amma majalisar ƙasar ta dawo da shi a watan Disamban shekarar. Mafi kyau ga ɗanki shi ne ya riƙa gwaji a filin makaranta da sanin shugabanta, ƙarƙashin kulawar malamin kimiyya, domin wasiƙar makaranta tana sauƙaƙa bayani idan jami'an tsaro suka yi tambaya.

TAMBAYA: Na je wajen wani ɗan'uwa a Lugbe, manhajar da ke wayata ta nuna jan gargaɗi, jirgin kuma ya ƙi tashi. Wayar ce ta lalace? Daga mai karatu a Wuse.

AMSA: Wayarka lafiyarta ƙalau. Manhajar tana ɗauke da taswirar wuraren da aka taƙaita, tana kuma gane inda kake ta hanyar GPS, Lugbe kuwa tana kan hanyar filin jirgin sama. Kada ka nemi wanda zai cire maka wannan kulle. A watan Disamban 2018 rahoton ganin ƙananan jirage ya sa an rufe filin jirgin Gatwick a Ingila, abin ya shafi tashi da saukar jirage kusan 1,000 da fasinjoji kusan 140,000. Ka kuma sani cewa shirun manhaja ba izini ba ne, domin taswirar kamfani ba ta san duk wuraren da ke da muhimmanci a Abuja ba. Ka nisanci fadar shugaban ƙasa, da majalisar tarayya, da kotun ƙoli, da barikokin soja, da ofisoshin jakadanci. A inda aka yarda ma, kada ka wuce mita 120 a sama, kada ka tashi da dare, kuma kada jirgin ya ɓace wa idonka, abin da ke saurin faruwa a lokacin hazon hunturu. Jami'an tsaro suna ɗaukar lamarin da zafi ne saboda 'yan ta'adda sun fara amfani da irin waɗannan jirage, har rundunar Operation Hadin Kai ta hana tayar da su a Arewa maso Gabas a farkon 2025.

TAMBAYA: Wani maƙwabcinmu yana yawan tayar da nasa ta saman gidanmu, alhali iyalina suna tsakar gida. Zan iya harbo shi da danƙo? Daga magidanci a Dutsen Alhaji.

AMSA: Kada ka harbo shi, Alhaji, domin zai iya faɗawa kan wani, batir ɗinsa kuma yana iya kama wuta idan ya fashe, sai ka koma kai ne mai laifi. Damuwarka tana kan hanya, kuma sashe na 37 na kundin tsarin mulki ya kare sirrin mutum da na gidansa. Ka ɗauki bidiyon jirgin da wayarka, ka rubuta rana da lokaci, sannan ka fara yi masa magana ta hannun mai unguwa ko limamin masallacinku, tun da mai yiwuwa bai san girman abin da yake yi ba. Idan bai daina ba, ka kai ƙara ofishin 'yan sanda mafi kusa tare da shaidar da ka tara, ka kuma aika wa NCAA kwafin ƙorafin.