Ku Tambaya Mu Amsa: Yaron da ya yi talla a titin Atina

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Dan Allah wai da gaske ne Giannis ɗin nan na ƙwallon kwando ɗan Najeriya ne kuma har talla ya yi a titi? In haka ne me ya sa Girka yake bugawa ba mu ba? Daga wani ɗalibi, Kano.

AMSA: Wa'alaikumus salam ƙanena. Eh da gaske ne, iyayensa Charles da Veronica daga Legas suka tashi a 1991 suka tafi Girka neman abinci, uban Bayarabe ne ya taɓa buga ƙwallon ƙafa, uwar kuma Ibo ce. Babban ɗansu Francis ma a gida suka bar shi wajen kakanni. Shi Giannis a Atina aka haife shi ranar 6 ga Disamba 1994, ya tashi a wata unguwa da ake kira Sepolia. Asalin sunan gidansu Adetokunbo ne, wajen juya shi zuwa rubutun Girkanci ya koma Antetokounmpo ɗin nan da yake karya wa mutane harshe.

Maganar talla kuwa ba ƙari a ciki. Iyayen ba su da takardun aiki, to shi da yayansa Thanasis su ne suke fita da agoguna da tabarau da jakunkuna suna bin mutane a titi, ran da aka yi ciniki a ci ran da ba a yi ba sai haƙuri. Da suka fara ƙwallon kwando wajen 2007, bayan wani koci mai suna Spiros Velliniatis ya hango shi, takalmin wasa ɗaya suke rabawa, wannan ya buga ya fito ya cire ya miƙa wa ɗan'uwansa. Ka tsaya ka hango abin, yaro na zaune a bakin fili da safa kawai yana jiran takalmi ya dawo da ɗumin ƙafar yayansa. Ni duk sanda na tuna wannan sai jikina ya yi sanyi wallahi.

Me ya sa Girka? Toh ai har ya kai shekara 18 ba shi da fasfo na kowace ƙasa, Girka ba ta ba ɗan baƙo takardar zama ɗan ƙasa don kawai an haife shi a can, Najeriya kuma bai taɓa taka ta ba a lokacin. Sai a watan Mayu 2013, saura 'yan makonni a yi zaɓen sabbin 'yan wasa na NBA, wato babbar gasar ƙwallon kwando ta Amurka, sannan Girka ta ba shi. Ni dai ban ga laifinsa ba ko kaɗan, can ya girma, yarensu yake ji, kocin da ya fara saka masa ƙwallo a hannu ɗan can ne. Kuma bai taɓa ɓoye cewa jininsa na Najeriya ne ba.

TAMBAYA: Malam ka raba mana gardama a majalisarmu. Abokina ya dage wai tunda Giannis ya sauka Amurka ya fara kashe wuta, ni kuma nace ba haka bane. Waye da gaskiya? Daga Maraɗi.

AMSA: Kai ne da gaskiya ɗan'uwa, ka gaida abokin naka. Kafin ya tafi Amurka ko babban rukunin gasar Girka bai buga ba, yana wani ƙaramin kulob ne Filathlitikos a rukuni na biyu, inda yake cin maki 9.5 a kowane wasa. A ƙarshen 2012 wani kulob na Sifen, Zaragoza, ya riga ya sa masa hannu a kwantiragi amma bai kai ga buga musu ba, sai ga zaɓen NBA na Yuni 2013, Milwaukee Bucks suka ɗauke shi a lamba ta 15. Kaga kenan mutum 14 aka fifita a kansa, wanda aka ɗauka na ɗaya ma a shekarar, Anthony Bennett, bai daɗe a gasar ba.

Ya iso siriri kamar sillen kara, ga tsawo ga dogayen hannuwa amma ba ƙarfin da zai iya gogayya da ƙattin NBA. Kakarsa ta farko maki 6.8 yake ci a wasa, kulob ɗin kuma ya sha kashi har ba a magana, wasa 15 kacal suka ci cikin 82. Ga sanyin Milwaukee ga kaɗaici, don sai da aka yi watanni kafin iyayensa su samu bizar zuwa. A wannan shekarar ne ya je ya tura wa gida kuɗin da ke hannunsa kaf, ya fito ya ga ko na tasi bai rage ba ga wasa na jiransa, kawai ya kama gudu a cikin sanyin nan zuwa filin wasa, sai wasu mata da miji suka gane shi suka rage masa hanya.

Daga nan ne abin ya dinga hawa kaɗan kaɗan, maki 12.7 a wasa a kaka ta biyu, 16.9 a ta uku lokacin da koci Jason Kidd ya damƙa masa ƙwallo ya ce shi zai dinga tsara wasa duk da tsawonsa, wanda a ganina nan ne rayuwarsa ta juya don da an kafe shi a ƙarƙashin kwando kamar yadda ake yi wa dogaye da ba mu ga wannan Giannis ɗin ba. A 2016 ya sa hannu a kwantiragin dala miliyan 100 na shekara huɗu, kaka ta huɗu ya kai 22.9 aka ba shi kyautar wanda ya fi kowa samun cigaba. Gwarzon gasa kuwa sai 2019, ya maimaita a 2020, kofi a 2021 da maki 50 a wasan ƙarshe da Phoenix Suns. Mahaifinsa bai ga waɗannan ba, ya rasu a 2017.

TAMBAYA: Ɗana shekararsa 14, ya fi babansa tsawo, yanzu ba shi da zance sai NBA har yana cewa zai bar makaranta. Ya zan yi da shi? Wata uwa daga Zariya.

AMSA: Hajiya Allah ya raya mana shi. Kar ki hana shi wasan, amma maganar barin makaranta kam a'a. Ki faɗa masa mutum 60 kacal ake zaɓa a shekara daga duk duniya, kuma sai wanda zai cika 19 a shekarar, yawancinsu ma ta jami'o'in Amurka suke bi, can kuwa ba sakamako mai kyau ba shiga. Ki samo masa koci na gari da kika yarda da tarbiyyarsa, ki je da kanki ki ga inda suke atisaye da waɗanda yake hulɗa da su. Akwai makarantar NBA ta Afirka a Saly ta ƙasar Sanagal, akwai kuma sansanin Giants of Africa na Masai Ujiri, wanda a nan Zariyarku ya tashi har ya jagoranci Toronto Raptors suka ci kofi a 2019. In wani ya zo ya ce ki kawo kuɗi zai fitar da yaron waje, kar ki ba da ko sisi sai kin ga takarda daga makarantar ko kulob ɗin kin kuma kira su da kanki kin tabbatar.